Daga Ƙirji Zuwa Ƙwaƙwalwa: Tarin Yara da Nakasar da Yake Bari

Lacca da aka gabatar a Birnin Kudu ga taron ma'aikatan lafiya, ungozomomi, malaman makaranta, limamai da masu unguwanni na ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Ranku ya daɗe hakimai da dagatai da masu unguwanni, Allah ya gafarta malamai, iyayenmu mata da ungozomomi, abokan aikina ma'aikatan lafiya, da ɗaliban makarantar jinya da nake hangowa can baya, barkanku da zuwa. Wasunku sun yi sammako daga Basirka da Sara da Farin Dutse, wasu daga Wurno da Kantoga da Sundimina. Allah ya saka muku da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.

An nemi in yi magana a kan cututtukan numfashi na yara waɗanda ƙwayoyin bakteriya ke kawowa, da ɓarnar da suke yi wa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Maganar da na zo da ita guda ɗaya ce, sauran duk sharhi ne. Da yawa daga cikin yaran da muke gani a garuruwanmu kurame, ko masu farfaɗiya, ko waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, ko waɗanda aka ce kansu ba ya ɗaukar karatu, lafiya lau aka haife su. Tari da zazzaɓi ne suka same su, ko ciwon maƙogwaro, ko ciwon kunne, aka yi jinkiri, ciwon ya haura sama. Da yake nakasar takan bayyana ne bayan kowa ya manta da tarin, sai mu ɗora alhakin a kan iska, ko maita, ko sammu.

Girman abin

A ƙididdigar da UNICEF da ƙungiyar Save the Children suka fitar, limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 162,000 a Nijeriya a shekarar 2018. A waccan shekarar babu ƙasar da ta kai mu a duniya, har Indiya mai yawan jama'a tana bayanmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin kowane biyar a Jigawa ba ya kai shekara biyar. Waɗannan su ne ake ƙirgawa, domin an yi musu jana'iza. Yaron da ya tsira da ransa amma ya bar jinsa a gadon asibiti, a rajista an rubuta masa "ya warke, an sallame shi". Shi ne na zo in yi magana a kansa yau.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum shida da sanƙarau na bakteriya ya kama, kimanin ɗaya yakan rasu, kuma cikin biyar da suka tsira, ɗaya yakan kasance da wata nakasa mai ɗorewa. Wannan lissafin duniya ne gaba ɗaya. A ƙasashenmu abin ya fi muni. Wani bincike da aka yi a Gambiya, aka buga a shekarar 2000, ya bi sawun yaran da ƙwayar numokokas ta sa wa sanƙarau: kusan rabinsu sun rasu a asibiti, fiye da rabin waɗanda suka tsira kuma sun fita da nakasa. Ita wannan numokokas ita ce dai babbar mai kawo limoniya, kuma tana zaune a hancin yara da yawa masu lafiya, tana jiran dama.

Yadda ciwon yake hawa

Hanya ta farko ita ce jini. Ƙwayoyi uku ne suka fi yi mana ɓarna: numokokas, da Hib, da maningokokas. Dukansu a bayan hanci da maƙogwaro suke fara zama, kuma ta tari da atishawa suke yaɗuwa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon a nan shi ne tantanin da ya shimfiɗe cikin hanci da maƙogwaro. Mura tana tsaga shi, ƙyanda tana tsaga shi, haka ƙurar hunturu da busasshiyar iskar bazara da hayaƙin itace a ɗakin girki. Da ƙwayar ta faɗa jini, tana iya sauka a huhu ta zama limoniya, tana kuma iya wucewa zuwa tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ta zama sanƙarau. A can mugunya takan taru, ƙwaƙwalwa ta kumbura alhali ƙoƙon kai ba ya buɗewa, ƙananan hanyoyin jini su toshe. Inda jini ya yanke, wurin ya mutu, sai hannu ko ƙafa su shanye. Inda tabo ya zauna, daga nan farfaɗiya kan taso, wani lokaci bayan shekaru. Idan magudanar ruwan ƙwaƙwalwa ta toshe, ruwa ya taru, kan jariri ya yi ta girma. Idan kumburin ya shiga can cikin kunne, ji ya tafi, kuma kurumta ita ce nakasar da aka fi samu.

Yaran da suka fi shiga haɗari su ne jarirai, da masu tamowa, da waɗanda suka tashi daga ƙyanda, da masu sikila, domin saifar mai sikila tana lalacewa tun yana ƙarami, ita ce kuwa ke tace numokokas daga jini.

Hanya ta biyu ita ce maƙwabtaka. Kunne yana da 'yar kafa da ta haɗa shi da bayan hanci, kuma ƙashi siriri ne ya raba kunnen da ƙwaƙwalwa. Yaron da kunnensa ya yi watanni yana zubar da ruwa mai wari, ana ɗiga masa man ja ko ruwan ganye ana toshewa da auduga, wata rana bayan kunnen zai iya kumbura, mugunyar ta ci ƙashin ta shiga ciki ta yi ƙurji a ƙwaƙwalwa. Kunne mai zuba ciwo ne na asibiti, ko da yaron yana wasansa.

Hanya ta uku ita ce ƙarancin iska. Ko ƙwayar ba ta kai kai ba, idan huhu ya cika da ruwa, iskar oksijin ba ta wadatar jini, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure wannan yunwar. Haka tarin shiƙa yake yi wa jarirai. Babban yaro zai yi ta tari har ya shiƙe ya yi amai, amma jariri ɗan wata ɗaya ko biyu wani lokaci ko tarin ba ya yi sosai, numfashinsa ne ke ɗaukewa, leɓensa ya yi duhu, jijjiga ta biyo.

Hanya ta huɗu ita ce dafi da ruɗewar garkuwar jiki. Ita ce ta fi ɓoye sawunta, don haka zan dakata a kanta.

Ciwon da ke dawowa bayan an yi barka

Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Kano, ya kama dubban yara, ya bazu zuwa Yobe da Katsina da Bauchi da Borno da nan Jigawa. Kowa ya san kamanninsa: wuya ya kumbura, farin tantani mai kauri ya rufe maƙogwaro, numfashi ya yi ƙara. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ƙwayar tana sakin dafi cikin jini, dafin kuma yana cin zuciya da jijiyoyi sannu a hankali. Sai ku ga yarinya ta warke, maƙogwaro ya washe, 'yan uwa sun zo barka. Bayan mako biyu ko uku muryarta ta koma ta hanci, kamar mai magana da toshewar mura. Uwa ta miƙa mata kofin kunu, ta kurɓa, kunun ya fito ta hanci, ta ƙware, ta yi ta tari. Jijiyar ganɗa ce ta shanye. Bayan wasu makonni idanu su daina ganin rubutu na kusa, ƙafafu su yi sanyi, ta riƙa tafiya tana tangaɗi ko ta kasa tashi sam. A nan ne ake cewa an yi mata jifa. Gaskiyar magana, yawancin wannan shanyewar tana warkewa da kanta cikin makonni ko watanni, muddin aka tsare yarinyar daga shaƙar abinci cikin huhu, aka kuma lura da numfashinta a asibiti. Allurar kashe dafin kuwa tana aiki ne kawai a kan dafin da bai riga ya shiga jijiya ba, shi ya sa zuwan ranar farko da zuwan rana ta biyar ba ɗaya ba ne. Ina roƙon wanzamai, da girmamawa: maƙogwaron da ya yi farin tantani ba na aska ba ne. Cire belu a wannan hali yana jawo zubar jini, yana ƙara tura dafin cikin jiki, askar kuma ta kai ciwon gida na gaba.

Akwai wani ciwon maƙogwaro da ya fi wannan sauƙi a ido, wanda ƙwayar sitirefto ke kawowa, galibi ga yara daga shekara 5 zuwa 15. Yakan wuce ko ba magani. Amma a jikin wasu yaran, garkuwar da ta tashi yaƙar ƙwayar takan ruɗe ta far wa gaɓoɓi da zuciya da wani sashe na ƙwaƙwalwa. Bayan wata ɗaya har zuwa wata shida sai yaro, kuma an fi gani ga 'ya'ya mata, ya fara motsin da ba shi ya sa kansa ba: kafaɗa na zabura, yatsu na wasa, fuska na yamutsewa, cokali na suɓucewa, rubutun allo ko na littafi ya lalace, ga saurin kuka. Da ya yi barci sai motsin ya tsaya. Malaman makaranta, ku ne kuke fara ganin wannan, kuma sau da yawa bulala ce ke fara sauka kafin a kai ga masu ruƙiyya. Motsin yakan lafa, amma saƙo ne cewa zuciya tana cikin haɗari. Irin wannan yaro yana buƙatar a duba zuciyarsa, a kuma riƙa yi masa allurar fenisilin kowane mako uku ko huɗu har tsawon shekaru.

Tarin fuka shi ma yana hawa kai, amma shi a sanɗa yake tafiya. Babba ne a gida yake tari, kaka ko kawu ko ɗan haya, ƙaramin yaro ya shaƙa. Mako biyu, mako uku, yaro ba ya wasa, ba ya cin abinci, yana rama, zazzaɓi kaɗan-kaɗan. An sha maganin maleriya zagaye biyu ba sauƙi. Daga nan ido ya karkace, barci ya yi yawa, sai suma. Idan aka gano shi kafin ya kai ga suma, yaro yakan warke. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Duk gidan da aka samu babba mai wannan tari, a kawo ƙananan yaran gidan a duba su, ko da lafiyarsu ƙalau.

Sanƙarau ba baƙonmu ba ne

Muna cikin yankin da wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana a 1963 ya kira shi zirin sanƙarau, wanda ya miƙe daga Sanagal har Habasha. Ciwon yakan taso da hunturu, ya yi ƙamari da zafin bazara, ya lafa da saukar damina. Wani muhimmin sashe na abin da duniya ta sani game da shi a Zariya aka gano shi, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, inda Brian Greenwood da Sadiq Wali da abokan aikinsu suka yi bincike. Dattawan da ke nan ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. A 2011 aka fara allurar MenAfriVac a ƙasar nan, Jigawa na cikin jihohin farko, kuma nau'in A na maningokokas da ke kawo manyan annobobin ya kusa ɓacewa. Sai nau'in C ya ɗago kai: a kakar 2016 zuwa 2017 ya kashe fiye da mutum 1,100, akasari a Zamfara da Sakkwato da Katsina. Daga Oktoban 2022 zuwa Afrilun 2023, cikin mutum 1,686 da aka yi zargin sun kamu a Nijeriya, kusan kashi uku cikin huɗu 'yan Jigawa ne, mafi yawa daga ƙananan hukumomin arewa masu iyaka da Damagaram. A Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allurar Men5CV mai kare nau'i biyar, kuma Jigawa da Bauchi da Yobe ne aka fara da su.

Kada mu ce Maigatari da Gumel suna da nisa da mu. Ranar kasuwar Sara kaɗai ta isa ta haɗa numfashin mutanen jihohi uku a rumfa ɗaya. Sannan numokokas da Hib ba sa jiran annoba, duk shekara suna nan, suna ɗaukar yara ɗaya-ɗaya ba tare da rediyo ta ambata ba.

Inda ake rasa yaron

Ga yadda abin yakan kasance, kuma duk ma'aikacin lafiya da ke zauren nan ya san labarin. Ranar Litinin jariri ɗan wata takwas ya tashi da mura da zafin jiki. Aka aika yaro kyamis ya sayo farasitamol. Talata numfashi ya ƙaru, aka ce sanyi ne ya shige shi, aka shafa masa man zafi, aka turara. Laraba ya rage kama nono, aka ce haƙori ne. Maigida yana gona ko ya tafi cin rani, ba wanda zai ba da izinin fita, ba kuɗin babur. Daren Alhamis ya sanƙare, idanu suka kakkafe, aka ce iska ce, aka tashi malam. Sai Juma'a da hantsi ake isowa asibitin Gwaram ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Birnin Kudu, yaro ba ya motsi. A ranar Talata, ƙwayar amoksisilin mai narkewa a ruwa, ta kwana biyar, da ta wadatar. A ranar Juma'a, ko an ceto ransa, ba lalle a ceto jinsa ba. Babu mugu a cikin labarin nan. Kowa ya yi abin da ya sani. Aikinmu shi ne mu canza abin da aka sani.

Na farko, a koyi ƙirga numfashi. Iyaye mata, ku bari yaro ya yi shiru ko ya yi barci, ku ɗage rigarsa, ku kunna agogon waya, ku ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60, ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa wata 11, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40. Ku kuma dubi ƙasan haƙarƙarinsa: idan yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, huhu yana wahala. A kai shi asibiti a ranar.

Na biyu, akwai alamomin da ba a kwana da su: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, barci ya rinjaye shi har ba ya farkawa sosai, wuya ya sanƙare, haske yana damun idonsa. Ku lura, jariri ba lalle wuyansa ya sanƙare ba. Nasa alamun su ne maɗiga ta kumbura ta yi tauri, kuka mai tsini wanda ɗauka ke ƙara shi, ko jiki ya saki, ko ya yi sanyi maimakon zafi. Gaskiya ne yara da yawa daga wata 6 zuwa shekara 5 sukan yi jijjiga don zafin zazzaɓi kawai, ta wuce ba ta bar komai ba. Gaskiya ne kuma maleriya mai hawa kai tana kama da sanƙarau. Amma ba a bambance su a tsakar gida. Gwaji ne ke bambancewa.

Idan jijjiga ta zo, a kwantar da yaro ta gefensa, a sassauta tufafinsa. Kada a cusa cokali ko yatsa a bakinsa, kada a kanga shi a hayaƙi, kada a ɗura masa komai, ko ruwa ne, ko mai, ko rubutu, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin yake tafiya. Allah ya gafarta malamai, ba wanda ya hana addu'a, mu ma muna neman ta. Roƙonmu shi ne a yi tofin a kan hanya. Kalma ɗaya daga bakinku, "ku tafi asibiti yanzu", ta fi laccata goma tasiri.

Na uku, maganar ɗibar ruwan baya. Iyaye da yawa sukan ƙi, suna cewa ita ke kashe yara ko ta gurgunta su. Dalilin wannan zato a fili yake: yaran da ake yi wa ita su ne waɗanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu, in sun rasu sai a tuna da allurar. Allurar tana shiga ne a ƙasan inda laka ta ƙare, ruwan da ake ɗiba bai wuce ƙaramin cokali ba, jiki kuma yana mayar da shi cikin awoyi. Ruwan mai lafiya garau yake, na mai sanƙarau yakan fito gurɓatacce. Da shi ake sanin ƙwayar da maganinta, da shi ne kuma hukuma ke gane annoba ta taso. Mu ma'aikata, hakkinmu ne mu zauna mu yi wa uba da uwa wannan bayani da Hausar da za su gane, maimakon miƙa takarda a ce su dangwala. Kuma idan gwajin zai ja lokaci, kada a jinkirta allurar seftiriyazon, maganin sanƙarau, saboda shi. Abokan aiki na ƙananan asibitoci, ku yi allurar farko kafin ku tura yaro gaba, ku rubuta abin da kuka ba shi da lokacin. Ku yi amfani da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa: in ta nuna ƙasa da 90, yaron oksijin yake buƙata. Aikin INSPIRING da Save the Children da abokan hulɗarta suka gudanar a Kiyawa, nan kusa da mu, a kan irin wannan ya tsaya: gane limoniya da wuri a cikin al'umma, da samar da oksijin a asibiti.

Bayan sallama

Sallama daga asibiti rabin aiki ce. Allurar sanƙarau takan ɗauki mako guda zuwa biyu, wani lokaci fiye, kuma guduwa da yaro don ya buɗe ido ya karɓi nono yana dawo da ciwon. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a gwada jinsa cikin wata guda, a sake duba shi bayan wasu watanni. A gida ma uwa za ta iya lura: ta tsaya a bayansa inda ba ya ganinta, ta kira sunansa, ta kaɗa kwano, ta ga ko zai waiwayo. Yaron da ya fara gwaranci sannan ya yi shiru bayan ciwo, a hanzarta da shi, domin da ji ake koyon magana, kuma shekarun farko ba sa dawowa. Akwai na'urar ƙara ji, akwai sashen kunne a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai makarantu irin ta Tudun Maliki, ga kuma maganar hannu da kuramen ƙasar Hausa suka daɗe suna yi da junansu. Kurma ba wawa ba ne. Farfaɗiya tana da magani mai sauƙin kuɗi wanda ke tsayar da ita ga mafi yawan yara idan ana sha kullum, kuma ba a ɗaukar ta ta yawu, don haka kada a ware wa yaro kwano, kada a cire shi daga makaranta. Hannu ko ƙafar da ta shanye tana amfana da gashi idan an fara da wuri. Kan jariri da ke girma fiye da kima a auna shi da tef duk zuwa awo, domin akwai aikin da ake yi a zuƙe ruwan kafin ya danne ƙwaƙwalwa.

Rigakafi da amana

Kusan duk ƙwayoyin da na lissafa suna da allura, kuma kyauta ce. BCG ranar haihuwa tana kare jariri daga tarin fuka mai hawa kai. Penta, wadda aka shigo da ita a 2012, tana ɗauke da kariyar mashaƙo da tarin shiƙa da Hib. Allurar numokokas ta fara shigowa a ƙarshen 2014. Ana yin su biyun a mako 6 da 10 da 14. A wata 9 sai ta ƙyanda da ta sanƙarau, a wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Shaidar amfaninsu a kusa take. Gambiya ta fara allurar Hib a 1997, zuwa 2002 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Richard Adegbola, ɗan Nijeriya, sun daina samun sanƙarau na Hib a yankin da suke bibiya. Mashaƙon da ya dawo mana kuwa, yawancin yaran da ya kama ba su kammala Penta ba.

Na san abin da ke zuciyar wasu, kuma ba zan kauce masa ba. A annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Wanda ya yi shakka bayan wannan ba mahaukaci ba ne. Amma alluran da ke cikin katin rigakafi ba gwaji ba ne. Su ake yi wa yara a Saudiyya da Masar da Indunusiya, kuma duk alhajin da ke zauren nan sai da aka yi masa allurar sanƙarau kafin ya hau jirgi. Abin da muka yarda da shi don kanmu, kada mu hana jariranmu.

Kira

Iyaye maza, ku bar izini a gida tun kafin ku fita: in yaro ya nuna ɗaya daga cikin alamun nan, a tafi da shi ko ba kwa nan, kuma a ajiye kuɗin babur a inda uwargida ta sani. Ku riƙa duba katin rigakafi da kanku. Iyaye mata, nono zalla har wata shida, kuma a nisanta goyo daga hayaƙin murhu. Masu unguwanni da limamai, ranar suna dama ce, ku tambayi uban jariri ko an yi BCG, ku kuma san direba ko mai babur ɗaya a unguwa wanda za a iya tasa da tsakar dare. Da zafin bazara a rage cunkoso a ɗakin kwana, musamman a makarantun allo da na kwana, a bar tagogi a buɗe. Masu kyamis, yaro mai saurin numfashi ba na rabin kati ba ne, ku tura shi asibiti. Shugabannin ƙananan hukumominmu biyu da wakilanmu a majalisa, muna roƙon amoksisilin da seftiriyazon da na'urar awon oksijin su kasance a kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa, a kuma samar da wurin gwajin ji a wannan shiyya, don kada sai an je Kano.

A 2020 ƙasashen duniya, har da tamu, suka amince da shirin murƙushe sanƙarau kafin 2030. Ko shirin ya cika ko bai cika ba, a Kangire da Kila da Zandam za a gani, a yawan yaran da suka kammala alluransu da yawan waɗanda aka kawo asibiti a rana ta biyu. Ina roƙon kowa, in ya koma gida yau, ya nemi katin rigakafin ƙaramin yaron gidansu ya duba, in da gurbi a cike shi cikin makon nan.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.